Damon Ƙarƙashin Rumbu

A bayan ɗakina na Kara-Kara akwai rami, a cikin ramin kuma akwai damo. Duk unguwa an sani. Wasu suna cewa bori nake yi, wasu suna cewa magani nake haɗawa da kitsensa. Akwai ma wata maƙwabciyata mai bakin tsiya da ta taɓa cewa wai marigayi mijina ne ya dawo. Na ce mata da mijina ne da ya fi haka ƙiba, don shi bai taɓa wasa da cikinsa ba. Ba na faɗa musu gaskiya, saboda ba don su ji suke tambaya ba, don su yi dariya ne. Amma yanzu ƙarfi ya fara tafiya, ido ma ya fara yi mini wasa, gara in rubuta da hannuna yadda aka yi na fara wannan kiwo, kada in mutu a bar ni da sunan mahaukaciya.

Ni ƴar Birni ce, tsohuwar unguwar Damagaram, ƴar dukawa. Ubana fata yake ɗinkawa, kuma da fatar damo yake yi wa alabe da kube da takalmi ado. Maharba sukan kawo damo gidanmu da rai, ɗaure a ƙugu da igiyar kaba. A yanka, fata ta tafi wurin majema, nama ya shiga tukunyar uwata. Na ci damo tun ban san sunansa ba. Namansa fari ne kamar na kaza, cikinsa da gindin jelarsa kuwa kitse ne, in ya narke a miya sai ka lashe yatsa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, kaɗan har na iya karatu da rubutu, sannan na auri wani manomi daga wani ƙauye a ƙasar Dakusa, wanda yake kawo wa ubana fatun awaki. Ni na gan shi na ce ina so, ba wanda ya tura ni.

Gidan ba mutane da yawa. Mijina ne, da ubansa da nake kira Baba, da ƙanwar uban, wata tsohuwa da aurenta ya daɗe da mutuwa, kowa yana ce mata Gwaggo. Baba dogo ne, marar magana, ba ya tsallake salla. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "ƴar Birni". Ni kuma in zan yi masa magana sai na durƙusa daga nesa na kau da kai, yadda ake yi wa suruki.

Ban daɗe da tarewa ba, wata rana da damina na ga damo kwance a gindin randa yana shan sanyi, ƙato, ya ƙoshi. Na ce a raina yau miya ta samu. Na ɗauki taɓarya na lallaɓa. Kafin in sauke masa, Gwaggo ta saki wata ƙara da ban san tsohuwa tana da irinta ba.

"Ke! Ke ƴar nan! Ajiye! Kakanki za ki kashe?"

Na ce, "Gwaggo, wane kakan? Damo ne fa."

Ta ce, "To ai shi ne. Kan gidan nan ne. Bismillahi, yau mun auro wa kanmu bala'i."

A ranar ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Kan gida shi ne dabbar da zuriya ba ta ci, ba ta kashewa. Wai kakansu na farko ya ɓata a daji, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai ya ga damo da jiƙaƙƙen ciki, ya bi shi har inda ƙasa take da laima, ya tona ya sami ruwa. A nan aka haƙa rijiyar garin. Tun daga nan duk wanda ya fito daga tsatsonsa bai cin damo. In ya ci, fatarsa za ta yi saɓa, ta riƙa zuba kamar ta damon, har ya mutu. Da idona na ga an tsinci mataccen damo a bayan gari, Baba ya yago farin ƙyalle ya naɗe shi ya binne. Na shige ɗaki na toshe baki da zane na yi dariya har da hawaye. Lokacin akwai hatsi a rumbu, komai abin dariya ne.

Sai ruwa ya fara ja da baya. Wannan damina ta yi rabi, mai bi mata ta yi rabin rabi. Shekarar da na haihu, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙone a tsaye. Na haihu a Birni kamar yadda aka saba da haihuwar fari, namiji, na gama wankan jego na koma ƙauye. Ban so komawa ba, amma ubana ya riga ya rasu, gidan uwata ya cika maƙil da dangin da yunwa ta koro, kuma ƙyanda tana ɗibar yara a gari kamar ana shara. Kowa ya ce ƙauye ya fi wa jariri. Mijina ya ajiye ni, ya tafi cin rani wajen Kano da alkawarin aiko da hatsi. Ya aiko sau ɗaya, daga nan shiru.

Ba zan faɗi sunan yaron ba. Ɗan fari ne, kuma a al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. In yana kuka sai ta yi kamar ba ta ji ba har wata ta ɗauko ta miƙa mata. Na bi wannan al'ada yadda aka koya mini. Amma in muna ɗaki ni da shi, nakan sa hancina a wuyansa in shaƙa. Yana da wata ƴar tawada a bayan kunnen hagu, ba wanda ya san da ita sai ni.

Abin da muka ci a ranin nan, ko jaki a shekarar ƙoshi ba zai kalla ba. Ni da Gwaggo mu tafi daji mu tsinko anza, mu jiƙa, mu zubar da ruwan, mu sake jiƙawa, har ɗacin ya ragu yadda za a iya haɗiyewa. Mu sussuke ƙarangiya, hannu duk ƙaya, a sami abin da bai cika tafi ba. Kwanukan jerena ɗaya bayan ɗaya suka tafi kasuwar Takeita suka dawo a dusa. An ce kamyo, babbar motar kaya, yana kawo jar dawar taimako, mu dai sau ɗaya ta iso mu, kuma zawo ta sa mu. Shanu suka riƙa faɗuwa. Saniyar Baba ta ƙarshe, sai da aka cire mata bunun da ke rufe da rumbun ƙasa aka ba ta ta ci, duk da haka ta mutu. Rumbun ya zama ba hula, Baba ya samo murfin tano, irin gangar ƙarfen nan ta kalanzir, ya kife a bakinsa. Ba komai a ciki, kunya ce kawai ta sa ya rufe.

Nono ya fara ɗaukewa. Da farko yaron yakan tsotsa ya yi barci. Daga baya ya tsotsa ya saki ya yi kuka. Daga baya kuma sai ya kama ya riƙe kawai yana kallona. Ina matsawa da yatsu, abin da ke fitowa ruwa ne tsararo, ɗigo biyu uku. Na san abin da jikina yake nema, ba sai likita ya gaya mini ba. Nama yake nema da maiƙo.

A lokacin ne Baba ya fara kiwon damo.

Mutanen wata unguwa can gefen gari, waɗanda ba zuriyarsu ɗaya da su Baba ba, sun shiga fasa suri suna zaƙulo damo suna ci. Da rani damo yakan shige rami ya kwanta, bai ci bai sha, sai ruwa ya sauka ya fito. Kama shi a lokacin ba wuya, tono ne kawai. Wata rana Baba ya gamu da wasu magidanta biyu sun rataya ɗaya a sanda, ɗaure a ƙugu, yana lilo. Ya tare su ya roƙe su su sake shi. Suka ce tsoho, yunwa muke ji. Ya cire rawaninsa ya ba su. Ya shigo gida kai ba rawani, rungume da damo kamar jinjiri, ya sa tsani ya hau, ya ɗaga murfin tano ya saukar da shi cikin rumbu.

Kai, daga ranar kasuwa ta buɗe! Mutanen nan suka gane akwai tsohon da ke ba da kaya a kan damo. In sun kama biyu, su ci ɗaya su kawo ɗaya ƙofar gidanmu, su tsaya suna wasa wuƙa a kan dutse don ya ji. Babbar rigarsa ta tafi. Butar ƙarfensa ta tafi. Fitila ta tafi, buzun salla ya tafi, har takobin da ya gada wurin ubansa. Takobin nan da an kai shi kasuwa, da ya dawo da hatsin da zai riƙe mu har a ga hadari. Ina zaune a ƙofar ɗaki da yaro a cinya, ina kallo ana wucewa da nama ta gabana ana zuba shi a rumbu. Wallahi har yau in na tuna, sai haushi ya kama ni.

Na tambayi Gwaggo, "To me za su ci a ciki?"

Ta ce, "Ba sa ci da rani. Barci suke yi. In ruwa ya sauka Yaya zai sake su. Ke ƴar dukawa ba ki san wannan ba?"

Na sani. Kowa ya sani. Ubana ma ya sha faɗa. Shi ya sa ba wanda ya ƙara tunani a kai, har ni. Baba yakan hau tsani ya ɗaga murfi ya leƙa, ya sauko ya ce, "Suna nan, barci suke." Akwai wani wari da ke tasowa ta wajen rumbun, amma a shekarar nan gari duka warin mushe yake, daga gabas har yamma gawar shanu ce, hanci ya daina bambancewa.

Matar ɗa ba ta tunkarar suruki da buƙata, sai ta bi ta wani. Na bi ta Gwaggo. Na ce ta roƙar mini Baba ya ba ni ɗaya, ɗaya tak. Na ce ni ba jininsu ba ce, ni ƴar gidan da ake cin damo ce, ba abin da zai same ni. In na ci nono ya kawo, yaro ya sha. Gwaggo ta kama haɓa.

Ta ce, "Abin da uwa ta ci, ai shi ɗa ke tsotsa. In kin ci, ya ci. Shi kuwa jininmu ne. So kike fatarsa ta zube?"

Na ce, "Gwaggo, ya rayu da ƙyasbi mana! Ya rayu ko da kuturu ne!"

Ta ce, "Rufe mana baki. Ɗan fari ne kike wa wannan rawar jiki? Ba ki da kunya?"

Duk da haka ta kai maganar. Ta dawo ta ce Yaya ya ce a'a, ya ce in yi haƙuri, ruwa ya kusa. Daga ranar Baba ya ɗauke tsani ya kai ɗakinsa, ya dawo da tabarmarsa gindin rumbu. Bai yarda da ni ba, kuma yana da gaskiya. Da ina da ƙarfin hawa bangon nan, da na hau. Na je wurin masu fasa surin da kaina, na roƙe su ko jela ce su yankar mini. Suka kalli hannuna ba komai, suka ce a kawo abin musaya. Ɗaya ya ce, "Ai surukinki ya fi ki ciniki."

Ranar da na zubar da kunya, da hantsi ne. Na fito da yaron a hannu, na tafi kai tsaye inda Baba yake zaune yana jan tasbaha. Ban durƙusa ba. Ban kau da kai ba. Na tsaya a kansa kamar mai bin bashin gaba, na ce, "Baba, ɗana zai mutu."

Kalmar "ɗana" ba ta taɓa fita daga bakina a gaban mutum ba sai ranar. Gwaggo da ke bakin murhu ta ce, "Innalillahi!" Baba bai ɗago ba.

Ya ce, "Ƴar Birni, jikana ne. Kina tsammani ban gani? Amma in na ba ki, da hannuna na kashe shi. Uban ubana ya bar mini wannan amana. Damo ya ba mu ruwa lokacin da ba mu da kowa. Yau da shi ba shi da kowa, ni zan sa masa wuƙa?"

Na ce, "To ka zaɓa, ƙadangare ko jikanka."

Ya ce, "Ba ƙadangare ba ne." Abin da ya ce ke nan, ya ci gaba da jan tasbaharsa.

Na faɗa masa maganganu a ranar da ba zan rubuta ba. Ba don na yi nadama ba, don dai ya riga ya kwanta dama. Na koma ɗaki, rabi fushi rabi yunwa.

Kwanaki suka ƙara tafiya. Maɗigar yaron ta faɗa. Ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi. In ya buɗe baki zai yi kuka, sai ka ga kukan amma ba ka ji. Sai wata safiya ina shafa masa ruwa, na ga fatar cinyarsa ta yi duhu ta tsage, tana ɓarewa. Na duba ɗuwawu, haka. Na duba bayan gwiwa, haka. In na taɓa sai ta biyo yatsana. Yanzu na san yunwa ce ke yi wa yara haka, na ga irinsa da yawa daga baya. A lokacin ban sani ba. Gwaggo ta leƙo ta gani, ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Kin ci! Kin ci a ɓoye, la'ananniya! Kin kashe mana yaro!"

Na yi wata dariya da ni kaina ta ba ni tsoro. Na kwance zane na nuna mata ƙirjina. Na ce, "Dubi nan. Wannan ya yi kama da na wadda ta ci kitse? Zo ki shinshina bakina." Na sunkuci yaron na kai wa Baba, na ɗora masa a cinya, na buɗe ƙyallen. Na ce, "Ga saɓar da kake tsoro. Ta zo. Bai ci ba, ban ci ba, kai ne shaida, kai kake gadin rumbun. Ta zo da kanta. Yanzu me ya rage da kake tsare masa?"

Baba ya daɗe yana kallon cinyar yaron. Ya sa ɗan yatsansa a bakinsa, yaron ya kama ya fara tsotsa a hankali. Baba ya miƙa wa Gwaggo shi, ya tashi, ya shiga ɗaki ya fito da tsani a kafaɗa da wuƙa a hannu. Ya ce, "Hura wuta, ƴar Birni." Gwaggo ta fara kuka tana cewa Yaya kada ka yi, bai ko waiwaye ta ba.

Na hura wuta. Na ɗora tukunya. Don murna, Allah ya sani, har yawu ya taru a bakina. Baba ya hau, ya sa hannu zai ɗaga murfin tanon, ya janye da sauri don ƙarfen ya ƙona shi, alhali rana ba ta ko kai tsaka ba. Ya naɗe hannu da riga ya ture shi. Daga inda nake tsaye na ji hucin da ya fito, kamar an buɗe tanda. Ya zura ƙafafu ya sauka ciki.

Shiru. Ruwa ya tafasa a tukunya, shiru. Na ce, "Baba?" Sai na ga hannunsa ya fito ta bakin rumbun riƙe da ɗaya. Na hau tsani na karɓa da ƙarfina duka, ina jiran nauyi, sai hannuna ya tashi sama. Ba nauyi. Ya bushe ƙamas kamar tsohon takalmi, ido ya zurma, baki a buɗe, cinnaku suna fitowa ta ciki. Ya miƙo wani, haka. Ya miƙo wani, haka. Duka. Wasu farcensu ya ƙare wurin ƙoƙarin tona daɓen rumbun.

Gaskiya ne damo yana barci da rani. Amma a cikin ƙasa yake yi, can ƙasa inda akwai sanyi da laima. Mu kuwa mun ɗora su a sama, cikin tukunyar yumɓu, ba inuwa, mun rufe da ƙarfe, a ranin da ko dutse yana tsagewa. Sun daɗe da mutuwa. Duk leƙen da Baba yake yi yana cewa barci suke, gawa yake leƙawa. Da kayan gidan da ya tafi, da faɗan da na yi, da gadin da ya yi, duk a kan busasshiyar fata ne.

Na fasa ɗaya da taɓarya na jefa a tukunya. Mushe ne, na sani, ban damu ba. Abin da ya fito baƙin ruwa ne mai wari. Na toshe hanci na shanye, na amayar, na sake sha. Nono bai zo ba. Baba kuwa bai fito daga rumbun ba sai da Gwaggo ta kira maƙwabta suka ciro shi, ya jiƙe sharkaf, ba ya gane mutane.

Yaron bai daɗe ba bayan wannan. Da hantsi ne, ina jiƙa anza, na ga ya daɗe bai motsa ba a kan tabarma. Na tashi zan duba, Gwaggo ta ce, "Bar shi ya huta, barci yake." Na taɓa shi. Baba ya buɗe akwatinsa ya fito da likkafanin da ya ajiye wa kansa, abu ɗaya da bai bayar a kan damo ba, ya yanki gefe. Ƙyallen da aka buƙata bai fi na ɗaurin kai ba. An ce uwar ɗan fari ba ta kuka a ji. Ni na yi, har unguwar masu fasa suri an ji ni.

Daga nan na daina yi wa Baba magana. Ina ajiye masa abin da aka samu in juya. Shi ma bai ƙara cewa "ƴar Birni" ba. Ya rame ya koma kamar kara, kullum yana zaune gindin rumbun nan ba tasbaha a hannu.

Sai ruwa ya sauka, bayan ya gama yi mana abin da zai yi. Hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, aka yi ruwa har tsakar gida ta kwanta. Washegari da safe ina shara, na ga ƙasa tana motsi tsakanin duwatsun da rumbun ke zaune a kai. Kai ya fito, sannan ƙafafu. Damo ne, da igiyar kaba ɗaure a ƙugunsa. Daga baya muka ga inda ya bi: daɓen rumbun ya tsage a gefe guda, shi kaɗai ya sami tsagar, ya ratse ya faɗo ƙasa, ya tona ya kwanta. Ya rame, amma akwai nama a jikinsa, gindin jelarsa da sauran kauri. Ranar da na ɗora tukunya, yana nan ƙarƙashin ƙafafunmu, zurfin bai fi tsawon hannu ba.

Baba ya gan shi. Ya tashi da wani ƙarfi da ban san ya rage masa ba, ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar nan. Ya taka jelar da ƙafa, ya danne kan, yana kuka kamar yaro. Mutumin da ya ba da rawaninsa da takobin ubansa don kada a taɓa damo, yau shi ne zai yanka. Ban san lokacin da na jefar da tsintsiya na riƙe hannunsa ba. Matar ɗa ba ta taɓa jikin suruki, amma ni da kunya mun riga mun rabu.

Na ce, "Yanzu? Yanzu za ka yanka? Wa zai sha nonon?"

Ya ce, "Sake ni, ƴar Birni."

Na ce, "Ba zan saki ba. Wannan da ɗana aka saye shi. In ya mutu shi ma, to ɗana ya tafi a banza ke nan. Ba ka isa ba, Baba. Wannan nawa ne."

Ya saki wuƙar. Na kwance igiyar daga ƙugun dabbar, ta riga ta ci fata ta bar zobe. Na ɗauki hauyar maƙwabta, don tamu ta tafi, na haƙa rami a gindin aduwar bayan ɗakina, mai zurfi, har na kai ƙasa mai sanyi, na kewaye da duwatsu. Ba wanda ya koya mini kiwonsa, rumbun nan ne ya koya mini. Ƙasa mai taushi da zai tona, inuwa, kaskon ruwa da zai shiga ya jiƙa ciki. Da damina in tsinto masa fara da dodon-koɗi da ƙadandoniya, in an sami ƙwai a fasa masa. Ya sha zabga mini jela a ƙwauri, ya sha yi mini huci, bai taɓa sanin ni ce mai ba shi abinci ba.

Baba bai ga kakar shekarar ba, aka binne shi a likkafani mai guntun gefe. Mijina ya dawo da tsakiyar damina, ashe ciwo ne ya kwantar da shi a can. Mun sake haihuwa, sun rayu. Da aka sake yin fari bayan shekaru, muka bar ƙauyen muka dawo Damagaram, na sa damon a buhu na ɗora a kai, mutane a mota suna ja da baya. Ya tsufa ya mutu a nan Kara-Kara, da zobensa a ƙugu. Na sayi wani a hannun maharba, bayansa wani. Na yanzu shi ne na nawa, na daina lissafi.

Ba son su nake ba, kada wani ya ɗauka haka. Dabba ce marar godiya, mai wari, ba ta san kowa ba. Ban kuma ƙara cin namanta ba, ba don kan gidan kowa ba, maƙogwarona ne ya ƙi. Amma duk rani in ya shige rami ya yi shiru, kullum da safe sai na durƙusa da wannan gwiwar tawa mai ciwo, na zuba ruwa a bakin ramin, na zura hannu har kafaɗa. Jikokina suna cewa, "Kaka, ki bar shi mana, barci yake." Sai in ce musu su matsa. Ba na tashi sai na taɓa shi na ji ya motsa.